Kafin Ku Nufi Dajin Falgore da Keke

Ranar Asabar da yamma ina zaune wajen mai faci a bakin layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi, sai ga ɗan maƙwabcina ya turo keken tsere ɗan gwanjo, mai siririyar taya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, wai da gaske ne kun taɓa zuwa Riruwai a keke?" Ban kai ga amsawa ba ya zaro waya yana nuna min hanya: daga Na'ibawa a bi titin Zariya, a karya a Kwanar Ɗangora, a wuce Tudun Wada, a ratsa Dajin Falgore. Su biyu ne za su, shi da wani abokinsa da ya ari keke. Na miƙa hannu na matsa birkin gaba, na ga robar ta cinye har ƙarfe ya kusa leƙowa. Na ce, "Malam ya sani?" Ya ce zai gaya masa in sun dawo.

Gabana ya faɗi, domin ni ma na taɓa faɗin haka.

Lokacin ina saurayi ina tsaron shago a Sabon Gari, na tara kuɗi na sayi keke mai giya. A zamanin kekunan gari Rali ne da Phoenix, na ɗaukar itace da buhu da kai yara makaranta, don haka duk inda na ajiye nawa sai an taru. Ranar da babu kasuwa nakan je Kura in dawo, wata rana har Bagauda, sai na ɗauka na gama sanin keke. Abin da ban gane ba shi ne, Kano shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Tudun da muka sani Dala ne da Goron Dutse, su ma da ƙafa ake hawansu. Daga birni har Kadawa gonakin shinkafa ne da tumatir, hanya a miƙe, ko'ina akwai mai shayi da rijiya da mai faci. Kudancin jihar kuwa wata ƙasa ce daban. Birnin Kano bai kai mita 500 daga doron teku ba, Jos tana wajen mita 1,200, kuma ƙasar Doguwa tana kan hanyar hawa wannan tsaunin ne. A can duwatsun Riruwai suke, garin haƙar kuza tun zamanin da. Ni labarin duwatsun kawai na ji a bakin wani direba, na sa wa raina sai na gan su.

Ban so tafiya ni kaɗai ba, sai na lallaɓi abokina, wanda yake koyon ɗinki a unguwarmu. Bai saba da doguwar tafiya ba, keken ma na yayansa ne. Ya yi ta nuƙu-nuƙu, na ce masa ragwanta ce. A gida na ce za mu biki ƙauye. Cikin Afrilu ne, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, muka ɗaura galan ɗaya na ruwa da ƙullin ƙuli-ƙuli muka kama hanya bayan asuba. Ranar farko da ƙyar muka kai Tudun Wada, muka kwana a barandar masallaci. Wani dattijo da ya ji inda muka nufa ya ce, "Samari, ku bari ku hau mota ku ƙetare dajin nan." Na yi masa godiya, na bar maganarsa a nan.

Da muka shiga daji gidaje suka ƙare. Hanya ta fara hawa da sauka, ka gama wannan tudu ka hango wani a gabansa. Kafin azahar galan ya zama fanko. Abokina ya fara cewa jijiyar cinyarsa tana ɗaurewa, can sai na ga ya daina gumi, leɓensa ya bushe ya yi fari, yana magana ba kan gado. Yau na san wannan alama ce ta mutumin da zafi ke shirin kayarwa, ana kai shi inuwa a jiƙa masa jiki a nemi mota. Ran nan cewa na yi ya daure, saura kaɗan. Wani Bafulatani mai kiwo ne ya tarar da mu a gindin maɗaci, ya ba mu ruwan gorarsa, ya zauna har abokina ya dawo hayyacinsa. Nan ya kamata mu juya. Ya roƙe ni mu juya. Na ce mun ci rabin wahala, abin kunya ne mu koma ba mu ga Riruwai ba.

A wata gangara bayan mun fito daga daji abin ya faru. Mutumin birni tsoron hawa yake, bai san gangara ce mai kayarwa ba. Keke ya ɗauki gudu, ga kwana a ƙasa, ga yashi ya taru a gefen kwalta. Ina gaba na ji ƙara, na waiwaya na gan shi a cikin kwazazzabo, keken a kansa. Birkin baya ya ƙi kamawa, ya damƙe na gaba da ƙarfi, keken ya wurgar da shi. Wuyan hannunsa na dama ya karye. Babu wayar hannu a lokacin. Muna nan har wata motar dankalin Turawa da ta taso daga Jos ta tsaya ta kwashe mu. Aka yi ɗori, hannun ya kama amma a karkace, almakashi ya gagare shi riƙewa. Ɗinkin da bai ƙarasa koya ba ke nan. Mahaifinsa bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Allah Ya kiyaye gaba." Da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Wani lokaci nakan ce wa kaina ai ban ɗaure shi da igiya ba, da ƙafarsa ya biyo ni, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Babu wanda ya koya mana, babu wanda muka sani da ya taɓa bin hanyar a keke. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, abin da na gani a dajin nan har yau yana raina: dogayen itatuwan doka da ƙirya, gwaggon biri suna tsallaka titi, ga Kogin Kano da ke gangarawa ya cika madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako. Wanda ya wuce a mota bai ga komai ba. Amma duk sanda na haɗu da abokin nan a masallaci ya miƙo min karkataccen hannun nan muka gaisa, hujjojin nan duka sai su zube. Ya ce a juya, na ƙi.

Na zauna da niyyar jera muku shawarwari masu yawa, sai na ga kaɗan ne suka dame ni. Kada ku shiga Falgore a keke. Dajin yana da nisan kusan kilomita 150 daga birni, kuma ba yadda na san shi yake ba. An sha fama da ɓarayin shanu da 'yan fashi da masu satar mutane a cikinsa, har ta kai sojoji suka mai da shi wurin atisaye. Shuɗin layin da waya ke zana muku bai san wannan ba. Direban tasha ya sani, amma ku yaran yanzu kun fi yarda da waya a kan mutum. Ina ganinku a titin Zariya, kun toshe kunne da waƙa, tirela tana hon a bayanku, hannu ɗaya a kan keke ɗaya yana ɗaukar bidiyon da za a ɗora a TikTok. Wallahi abin yana ƙona min rai. Kuna da kuɗin tabarau da matsattsiyar riga, amma hular kwano ta gagare ku.

To amma in na ce ku zauna a gida na zalunce ku, domin ni ban zauna ba, kuma gara keken da zaman majalisa. In tudu kuke so, ga Rano nan: ku karya ta Ƙarfi, ku bi Bunkure, duwatsu za su tare ku, ko ku je Tiga ku ga ruwa. Akwai garuruwa a hanya, akwai motar dawowa. Ku je bayan damina, Oktoba ko Nuwamba, kafin hazon hunturu ya hana direbobi hango ku. Ruwan shan da za ku buƙata ya fi abin da kuke tsammani yawa, kuma a lita guda ku zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, irin wanda ake haɗa wa yaro mai gudawa. A gangara ku rage gudu tun kafin kwana, da birki biyu tare, a hankali.

Kada mutum ya tafi shi kaɗai. Kada kuma ya ja wanda bai iya ba don ya samu ɗan rakiya. Na san maganar biyu suna karo da juna, ku nemi yadda za ku yi da su. In kun tafi tare, wanda ya fi rauni shi ke da ikon cewa a juya, ba a musu da shi, ba a kira shi rago. Ku gaya wa iyayenku gaskiyar inda za ku, in sun hana ku haƙura. Sannan kowa ya ware kuɗin mota a aljihu daban, kada ya taɓa shi ko don abinci. Direbobin hanyar sun saba ɗaure keke a bayan mota, ɗan ƙari kawai za su nema a kan kuɗin kujera.