Littafin da ya buɗe mana baki

Mu goma sha ɗaya ne a grup ɗinmu na karatun littafi a WhatsApp amma masu zuwa da ƙafarsu ba sa wuce bakwai ko takwas, Asabar ɗin ƙarshen wata bayan la'asar, a barandar wani shagon ɗinki nan wajen Bauchi Road a Jos. Mai shagon ɗan uwan ɗaya daga cikinmu ne shi ya sa ba ma biyan ko sisi. Wani ya riƙo fulas ɗin shayi, wata awara, wata soyayyen dankalin turawa, in hunturu ne kuwa kowa da suwaita da safa, kun dai san sanyin Jos. Littafi yawanci kwafi biyu muke iya saye saboda tsada, sai a riƙa zagayawa da shi gida gida, in mun haɗu mutum ɗaya ya karanto wurin da ya fi tsaya masa a rai, in Turanci ne a mayar da Hausa don kowa ya sa baki.

Wata biyu da suka wuce mun karanta Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, kuma da alfahari muka zaɓe shi don a garin nan aka haifi marubucin, littafin ya fito a 2015, a 2016 ya ci gasar adabi ta kamfanin gas na NLNG ta dala 100,000. Ranar tattaunawa an yi musu sosai a kan Hajiya Binta, bazawara mai jikoki da ta faɗa soyayya da yaron da bai wuce sa'an ɗanta ba, wasu suna Allah wadai wasu suna cewa ai ita ma mutum ce, zuciya ba ta san shekaru ba, har shayi ya huce ba a sha ba. Amma da aka zo kan Fa'iza, yarinyar da ta ga an kashe nata a rikicin Jos take kwana da firgita, wallahi sai wurin ya yi tsit. Wani ya duba waya, wata ta ce magariba ta kusa. Ni ma ban ce komai ba alhali a 2008 muka bar gidan da aka haife ni da kayan jikinmu kawai. Kowa a barandar nan yana da nasa, na Satumban 2001, na Nuwamban 2008, na Janairun 2010, kuma ba dukanmu ne 'yan ɓangare ɗaya ba, a cikinmu akwai mai zuwa masallaci akwai mai zuwa coci, Hausa ce ta haɗa mu kamar yadda ta haɗa kowa a garin nan. To wa zai fara? In ka fara kamar kana nuna na kusa da kai da yatsa ne.

Sai ƙaraminmu, ɗalibi ne a jami'ar Jos, ya kawo shawarar wata mai zuwa a karanta Who Fears Death na Nnedi Okorafor. Da ya ce labari ne na can gaba bayan duniya ta lalace, da tsafi da mai rikiɗa ta koma tsuntsu, nan take grup ya ɗau zafi. Wata ta rubuta cewa ita ba ta bar wanki da girki don ta zo ta saurari tatsuniya ba, wani ya ce sayans fikshan da su fantasi kayan Turawa ne, mu karanta abin da ya shafi rayuwarmu. Gaskiya ni ma ra'ayina kenan a lokacin.

Baba Malam ne ya kashe maganar. Tsohon hedimasta ne, ya fi saba'in, ba ya taifin sai dai ya turo murya, kuma ranar muryar ta kai minti shida. Ya ce 'ya'yana wa ya gaya muku wannan kayan baƙi ne? Gasar rubutun Hausa da aka yi a 1933 a Zariya me ta haifar, ba Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ba ne, mutum ya bar gida neman ruwan magani har sai da aljanu suka taimake shi? Gandoki na Bello Kagara fa, da ya gama fafatawa da Turawa ba cikin aljanu ya faɗa ba? Ya ce a 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, yaro Bahaushe ya yi tafiya sararin samaniya, a shekarar da Amurkawa suka taka wata, kuma shi da hannunsa ya koyar da waɗannan littattafan a aji. Ya ce kafin su ma kakanninku da Gizo da Ƙoƙi da Dodo suka rene ku, kuma ba don ba su san gaskiya ba ne, sun san in aka ce wane ɓarawo ne za a yi faɗa a gida, in aka ce Gizo ne ya sata kowa zai saurara har ƙarshe, ɓarawon ma yana zaune yana ji.

Aka saya aka karanta. Ba zan ɓoye ba littafin yana da nauyi, akwai fyaɗe tun farko, akwai kaciyar mata, akwai shafukan da na tsallake na dawo musu daga baya, kuma mutum ɗaya ta ajiye shi a tsakiya ta ce ba za ta iya ba, ba wanda ya ga laifinta. A ganina ma ta fuskar iya jera magana littafin ɗan Jos ɗinmu ya fi shi, ƙarshen wannan kamar an yi sauri. Labarin a wata Sudan ta can gaba yake, ƙabilu biyu, Nuru da Okeke, Nuru suna kashe Okeke suna bautar da su kuma suna da wani Babban Littafi da ya ce haka aka halicce su. Yarinyar labarin Onyesonwu, sunan da Ibo yana nufin wa ke tsoron mutuwa, Ewu ce, wato jinin ɓangarorin biyu, fatarta kalar yashi, can ba a son ta nan ba a son ta. Ya fito a 2010, shekara ɗaya bayan haka ya ci kyautar World Fantasy.

Ranar haɗuwa an ɗauke wuta, da fitilar waya muka ƙarasa. An fara da abin da aka saba, wannan tsafin ya yi yawa, wancan saurayin nata yana da kishi, sai wata nas da ke cikinmu, mace mai shiru shiru da ba ta cika magana ba, ta ce ita dai Ewu ɗin nan ta san su. Ta ce babanta Bahaushe ne mamanta Berom, lokacin da gari ya rikice dangin uwa suka ce mata 'yar Hausawa dangin uba suka ce mata 'yar arna, tana da shekara goma sha biyu, ta kwana uku a barikin sojoji ba ta san wace unguwa za ta nufa ba in an ce kowa ya koma gida. Shekara biyu muna zama da ita benci ɗaya ban taɓa sani ba.

Daga nan fa baki ya buɗe. Kowa da Nuru da Okeke yake farawa, ya ce kun ga yadda aka koya wa yaran Nuru tun suna ƙanana cewa wancan ba mutum ba ne, kafin ka ankara ya koma cewa mu ma a layinmu haka aka riƙa gaya mana. Ɗalibin nan ya ce shi bayan rabuwar unguwanni ya yi wayo, akwai wuraren da bai taɓa takawa ba a garin da aka haife shi, ya fi sanin Abuja a kan wasu unguwannin Jos. Ni kuma na ba da labarin maƙwabciyarmu da ta ɓoye ni da ƙannena biyu a ɗakin ajiyar hatsinta har gari ya waye, ta ɗaura min zanenta ta raka mu bakin titi, ban sake ganin ta ba, kuma ko mijina ban taɓa ba shi labarin dalla dalla haka ba. Ina magana ina kuka, Baba Malam ya ce yi kukanki 'yata, ba wanda zai hana ki. Ba wanda ya ce ku ne kuka fara, abin da nake tsoro tun farko kenan kuma bai faru ba.

Tun ranar nake juya abin a raina. Littafin farko ya faɗi gaskiyarmu da sunan garinmu, kuma ina ganin shi ne ya tono gyambon, ba don shi ba da ba mu zo da gyambon a buɗe ba. Amma da sunan Jos a kai kowa ya riƙa lissafin me zan faɗa da ba zai ɓata wa wance rai ba. Na biyun ya kai mu ƙasar da ba ta kowa ba, ba masallacinka ba cocinka ba unguwarku, ba ka da wanda za ka kare, sai ka tsinci kanka kana tausayin wanda a gida da tuni ka sa shi a ɗaya ɓangaren. Shi ya sa yanzu in na ji an ce littafin ƙirƙira irin wannan ɓata lokaci ne nake tsayawa in yi musu, ni da na fi kowa ƙin sa a farko.

Mun yanke za mu riƙa yi bi da bi, wata ɗaya na zahiri wata ɗaya na ƙirƙira, amma kafin a fara hakan na gaba Tauraruwa Mai Wutsiya ne, Baba Malam yana da tsohon kwafi da bango ya cire ya ce a riƙe masa shi da amana. Nas ɗin ta ce wannan karon a gidan mamanta za a zauna ba a shago ba. Da ta faɗi unguwar sai da gabana ya faɗi, layi biyu ne tsakaninta da tsohon gidanmu kuma rabona da wajen tun 2008. Ta lura, ta ce Anti ni zan zo in ɗauke ki da kaina mu shiga Keke tare. Na ce mata to, zan soyo waina, ta tambayi Mama ko ta san wata mata mai sayar da hatsi da take zaune a gida mai jan ƙyaure kusa da famfo.