Kalangu ja ne, in ji autata

Asabar ɗin da ta wuce tun safe aka ɗauke wuta, autata 'yar shekara 4 ta hana ni sakat. Sai na shimfiɗa mata bayan tsohuwar kalanda a tsakar gida. Na jiƙa zoɓo, na dama kurkum, na daka gawayi, na zuba bular wanki a murfin gwangwani. Kala huɗu, ko sisi ban kashe ba.

Ana biki a layin bayanmu nan Tudun Wada, kalangu na ta tashi. Na ce ta zana mini abin da take ji. A zatona ganga da makaɗi za ta zana. Ina! Yatsa ta tsoma cikin zoɓo, ta ja layi yana hawa yana gangarowa. "Umma, ai haka yake magana." Da gaskiyarta kuwa: in makaɗi ya matse tsarkiya a hammata sauti ya yi sama, in ya sassauta ya sauko, shi ya sa kalangu ke iya kiran sunan mutum. Ba wanda ya taɓa gaya mata.

Da makaɗan suka huta sai muka juya abin. Na kifa ƙwarya cikin bahon ruwa, na ɗauko ludayi biyu, ita ta zana, ni in buga abin da ta zana. Ɗigo-ɗigo na nufin in yi sauri. Nan dai na sha gyara. Ta dangwala wani baƙin dunƙule na gawayi, na rafka wa ƙwarya ludayi, ta tura baki: "Ba haka ba ne, wannan shiru ne." Sau ɗaya na kai hannu zan miƙar mata da layi, ta janye takardarta. Ban sake ba.

Da daddare na ba ta labarin Kandinsky, mai zanen nan ɗan Rasha da aka haifa a 1866, wanda yake kwatanta ruwan ɗorawa da ƙarar kakaki, shuɗi mai haske kuma da sarewa. Sarewar ta yarda. Ruwan ɗorawa kam ta ce hon ɗin Keke Napep ne.

Takardar na manne a bangon ɗaki. Bayan kwana biyu jan zoɓon ya dushe, na ce mu ƙara masa. Ta ce a bar shi, ai an tashi daga bikin.