Shekara 10 da aure, a cikin mota a Aisland

Wallahi har yanzu in na tuna sai naji ƙwalla. Cikar aurenmu shekara 10 a ƙasar Aisland ta same mu, cikin motar haya mai gado da ɗan risho da firij a baya, nan muke girki nan muke kwana. Daga Reykjavik babban birninsu muka ɗauki hanya mai lamba 1 wadda ta zagaye ƙasar, sama da kilomita 1,300, ga shi watan Yuni ne sha biyun dare gari da haskensa, sai mun rufe labule muke iya bacci.

Ranar kanta a Seljalandsfoss muka tsaya, ruwa na zubowa daga tsayin mita 60 kuma akwai ƴar hanya ta bayansa, muka bi muka jiƙe sharkaf, maigida ya riƙe hannuna gam saboda santsin duwatsu.

Da muka koma filin da motoci irin tamu suke kwana shi ya haɗa mana shayi, sai ya zaro wata tsohuwar takarda daga walat ɗinsa duk ta ƙoƙe. Wasiƙar da na rubuta masa kafin aure.

Nace Abban yara, dama tana nan? Yace ina zan kaita. Na kasa magana, shayin ma har ya huce a hannuna.