Haraji yana bin mutum inda yake kwana

Duk ranar 8 ko 9 ga wata ba na fita aikin waje. Nakan zauna da yarinyar da ke riƙe mana littafin kuɗi, mu buɗe takardar albashi, mu fitar da harajin da aka cire wa kowane ma'aikaci, mu tura wa hukumar tattara kuɗin shiga ta jihar Kaduna, wato KADIRS, kafin 10 ga wata ta wuce. Mu 11 ne a kamfanin, har da ni. Ofishinmu ɗaki uku ne a saman wani bene a Barnawa, kuma abin da muke ci da shi manhaja ce: muna rubuta ta, mu ɗora wa masu shaguna da makarantu masu zaman kansu, mu koya musu aiki da ita, in ta yi gardama su kira mu ko da daddare ne.

Mutane na ɗauka aikinmu zama ne gaban kwamfuta cikin sanyin na'ura. Rabinsa a kasuwa ake yi. Ba zan manta da wani dattijo mai sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ba. Sau uku ina zuwa wurinsa, yana sa a kawo mini ruwa, yana saurarona, ba ya cewa komai. A zuwa na huɗu ya kori yaran shagon, ya matso kusa ya ce, "Yaro, tsakaninka da Allah, wannan na'urar taka ba ita za ta kai ni gaban masu haraji ba?"

Na ce, "Alhaji, lissafinka a shagonka zai zauna, babu inda za shi sai da izininka. Amma ranar da aka yanka maka abin da ya fi ƙarfin cinikinka, da me za ka kare kanka in ba ka da rubutu?"

Ya yi shiru, sannan ya ce a gwada wata guda. A wannan watan na koyi abin da ban koya a makaranta ba. Manhajar da muka kawo ta san "guda" da "kwali", ba ta san turmi ba, ba ta san bandir ba, ba ta san mai saye zai ce a yanko masa yadi uku daga ciki ba. Ba ta san cewa mafi girman littafi a shagon Bahaushe shi ne littafin bashi, kuma akwai wanda ba a tura wa saƙon tuni domin suruki ne ko aminin mahaifi. Muka koma muka warware ta, muka sake ɗinki. Muka sa ta yi aiki ko babu intanet, domin a tsakiyar kasuwa sabis na zuwa ne yana tafiya, muka mayar da rubutun kanta Hausa. Wannan dattijo shi ya haɗa ni da maƙwabtansa bakwai, kuma har yau in na ratsa layinsu sai na tsaya na gaishe shi.

Na fara wannan sana'a ne lokacin da harkar fasaha ke tasowa a Kaduna. A 2016 aka buɗe CoLab a nan Barnawa, inda matasa masu koyon rubuta manhaja ke samun wuta da intanet da abokan tattaunawa. A shekarar jirgin ƙasan Abuja ya fara tashi daga Rigasa, kuma a shekarar aka yi taron zuba jari na KADINVEST na farko. Babu wanda ya kafa allo ya rubuta cewa nan ce unguwar fasaha. Wani ya kama ɗaki saboda abokinsa na kusa, mai gyaran kwamfuta ya biyo shi, mai sayar da batir da farantin sola ya biyo su, mai abinci ta kafa tukunya a bakin titi. Yaran da na fara ɗauka guda biyu a wurin irin wannan zama na same su. In aiki ya cushe mini, taku kaɗan zan yi in samu wanda ya taɓa cin karo da matsalar, mu warware ta kafin shayi ya huce. Wannan kusanci shi ne jarin wurin, ya fi ginin da kujerun daraja.

Da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ƙaddamar da aikin sabunta birane a 2019, garin ya canza fuska: gadar sama ta Kawo, gadar ƙasa ta Leventis, Dandalin Murtala, da sabuwar gadar da ta haɗa Kabala Costain da titin Aliyu Makama. Wannan ta ƙarshe ita ta fi taɓa ni. Da, in abokin ciniki ya kira daga Unguwar Rimi ko Malali, sai yaro ya bi cunkoson gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello, rabin safiya ta tafi. Yanzu yakan je wuri uku kafin azahar.

Amma hanya in ta yi kyau, mai gida ne yake fara sani. Da wa'adin hayarmu ya cika, dillali ya zo da sabon farashi wanda ya kusa ninka na da. Na je wurin mai gidan da kaina, na durƙusa na ce, "Baba, shekara nawa muna tare ban taɓa saɓa maka rana ba." Ya ce ya sani, amma akwai mutum biyu da ke jiran ɗakunan. Ya rage mini kaɗan saboda mutunci, na biya. Ƙananan kamfanoni biyu da muke bene ɗaya da su ba su iya ba: ɗaya ya koma ɗakin gidansu, ɗayan ya watse. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin janareta ya zo ya hau kan na haya, dole muka ci bashi muka sa sola. Wato su waɗanda suka sa unguwar ta yi suna, su ne farkon waɗanda tsadarta ke kora.

Yanzu in koma kan haraji, domin a nan nake ganin ana yawan kuskuren lissafi. Gaskiya ne kuɗin shigar jihar ya ƙaru sosai. A 2015 bai kai naira biliyan 14 ba, a 2019 ya haura biliyan 44, a 2020 ya haura 50. Sai dai kada wani ya ce mu masu kwamfuta ne muka kawo wannan. Babban dalili shi ne dokar 2016 da ta tattara harajin jihar wuri ɗaya, ta hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu, sai kuma rajistar filaye da hukumar filaye ta jihar, KADGIS, ta tsara. Toshe ɓaraka aka yi, kuma na yaba da hakan, domin na ga zamanin da mutum uku za su zo maka da rasit iri uku a kan allon shago ɗaya.

To mu me muke ba jihar? Harajin ribar kamfani na gwamnatin tarayya ne, kuma dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke shi a lokacin daga kan kamfanin da cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba. Harajin VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020, shi ma sama yake tafiya a raba. Abin da ke shiga aljihun Kaduna kai tsaye daga kamfani irin nawa shi ne wanda na fara da shi, harajin albashi, sai 'yan kuɗaɗen wurin sana'a da na allo. Shi kuwa harajin albashi, doka ta ce jihar da ma'aikaci yake zaune ita ke da shi. Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta ma ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara. Na ji daɗin wannan saboda ƙananan ma'aikatana, amma ma'anarsa a fili take: jiha ba za ta samu wani abin kirki daga ɗan koyo ba, sai daga gwanin da albashinsa ya yi kauri.

Gwanin nan kuwa shi ne yake tafiya. Cikin shekarun nan na yaye yara shida da hannuna, daga wanda bai san inda ake kunna kwamfuta ba har ya zama shi ke gyara mini kuskure. Huɗu suna Abuja da Legas yanzu. Na ƙarshensu ya zo mini da ido jajir ya ce, "Oga, wallahi ba don raini ba ne, abin da suka ba ni ya ninka naka uku, kuma ga Mama ba lafiya." Na sa masa albarka, domin ko ɗan cikina ne abin da zan ce masa ke nan. Amma Kaduna ce ta raine shi, ni na biya kuɗin koyonsa, harajinsa kuma wata jihar ke ci. Sauran biyun suna nan garin, suna yi wa kamfanonin waje aiki ta intanet, ana biyansu da dala. A nan suke haya, a nan suke cefane, a nan 'ya'yansu ke makaranta. Waɗannan su ya kamata a riƙe da hannu biyu. Abin da zai zaunar da su ba ɓoyayye ba ne: wutar da ba ta yankewa a tsakiyar taro da wanda ke Turai, intanet mai ƙarfi, da kwanciyar hankali. Bayan harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, wata tara cur babu baƙon Abuja da ya taka ofishina, ayyuka biyu da muka kusa sa hannu suka bi ruwa.

Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Tun da aka buɗe masaƙar farko a 1957, unguwar ta zama abin da yau ake yi wa laƙabi da sunaye masu daɗi: dubban ma'aikata wuri guda, kowa da albashi a rubuce, masu abinci da teloli da masu gidajen haya duk suna ci daga jikinsu. Da injinan suka yi shiru, ba ma'aikatan kaɗai suka shiga wani hali ba, har da baitulmalin jiha. Shi ya sa in na ji ana maganar gina katafaren wurin fasaha, tambayata ta farko ita ce mutum nawa za su karɓi albashi a ciki, kuma ina za su kwana.

Kuma ina roƙon masu tsarin su riƙa leƙa Panteka, kasuwar maƙeran garin. Akwatunan ƙarfen da muke sa batir da na'urorinmu a ciki, can ake ƙera mana su. Nakan kai zane a takarda, maƙerin ya duba ya ce, "Malam, in ka huda nan zafi zai fi fita," kuma maganarsa ce daidai. Yaran da ke ƙarƙashinsa sun fi nawa yawa. Ranar da ya samu rajista da asusun banki da takardar shaidar biyan haraji, zai iya neman kwangilar da yanzu wani ke karɓa ya kawo masa a rabin kuɗi. Ni ma wannan takardar ce ta buɗe mini ƙofar manyan makarantu, shi ya sa ba na wasa da ranar 10 ga wata.

Makon jiya na ɗauki sababbin 'yan koyo biyu, saurayi daga Tudun Wada da budurwa daga Rigasa wadda ta gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Mota biyu take hawa kafin ta iso, amma kullum ita ke riga kowa. Na ware mata aikin wani shagon magani a Kawo, ranar Litinin za mu je tare ta ga yadda ake ƙirga kwali da katin ƙwaya kafin ta taɓa manhajar. Hayarmu kuma za ta ƙare a ƙarshen shekara, na riga na aika a gaya wa Baba mai gidan ina nan zuwa mu zauna.