Bakin ledar kududdufi

Jama'a, mun gama shimhiɗa leda ga ɗan kududduhin tarwada da munka gina bayan gida nan Arkilla, kuma wallahi aikin duk ga bakin ledar nan yake, ba ga ginar rami ba.

Maƙwabcina cewa ya yi a buga mata ƙusa kawai, na ce a'a Malam, ko'ina ka huda leda nan za ta hwara yagewa. Sai da munka cika ta da ruwa tukuna, nauyin ruwan ya jawo ta ta kwanta ga kowane lungu, sannan munka gina siririn rami zagaye da baki, tazarar kamar santimita 30, zurhi kamu guda, munka tura bakin ledar ciki munka mayar da jan ƙasa munka daddaɓe. Yashi ba ya riƙewa, kar ma ku wahalshe da kanku. Bisa kuma munka jera duwatsu masu faɗi, da tsohon buhu ƙarƙashinsu don kar su ci ledar.

Dole a ruhe ta ruf, don ranar Sakkwato ta watan Afrilu da ke wuce digiri 40 busar da leda take har ta tsage, ga iskar hunturu, ga akuyar Inna da ba ta barin komi. Bakin ma mun ɗan ɗaga shi ya ɗara ƙasar wurin tudu saboda ruwan damina kar ya bi ta ƙarƙashi. Ragowar ledar ban yanke ba tukun, sai ta gama zama.