Kero, inda koguna biyu suka haɗu

Jiya na tsaya a Cairo ta jihar Ilinoi a Amurka. Kada ku ce Alƙahira, 'yan garin "Kero" suke cewa, har wata tsohuwa ta gyara min. Nan Kogin Ohayo yake shiga Misisipi, ruwan biyu launinsu daban, kai ka ce Lakwaja ce.

Amma garin ya ba ni tausayi wallahi. A 1920 mutanensa sun haura 15,000, zamanin da jiragen ruwa da na ƙasa ke sauke kaya. A 2020 ko 2,000 ba su kai ba. Shaguna a rufe, ciyawa ta cinye gidaje. Tsohuwar dai ta ce ba inda za ta, cocinsu yana nan.