Kwalba ta goma

Mutum 31 suka ce min "da ni" a makon da na zagaya da takarda ina karɓar sunaye. Daren da aka buɗe gasar boling ɗin kuwa, 19 na ƙirga. Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da jadawalin da na kwana biyu ina tsarawa, ƙungiya shida, kowace da mutum huɗu, ina duba agogo ina duba waya, har manajan wurin ya zo ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, layi shida na riƙe maka. In ba ku fara nan da minti goma ba, zan sakar wa jama'a biyu." Haka muka fara, ƙungiya ɗaya ce kawai ta cika, sauran biyar da mutum uku uku.

Asalin abin ba wani dogon shiri ba ne. Mu huɗu ne muke zuwa boling jefi-jefi, mu yi wasa biyu mu watse. Wata rana manajan ya yi ƙorafin cewa daren Talata wurin fayau yake, ni kuma bakina ya rigaye ni na ce zan iya haɗa lig, wato gasar ƙungiyoyi ta mako-mako. Ya ce in zan kawo mutane kowane mako ba fashi, layukan namu ne. Na amsa kafin in san abin da na ɗauko.

Ga wanda bai taɓa shiga wurin ba, wasan a ido ba shi da wuya. Ƙwallo ce mai nauyi da ramuka uku na zura yatsu, ka gangara ta a kan layi mai santsi, ƙafa 60 daga iyakar da ba a takawa zuwa kwalbar farko. Kwalabe goma ne a jere kamar alwatika, ɗaya a gaba, sai biyu, sai uku, sai huɗu. Mu muke ce musu kwalabe saboda siffarsu, amma katako ne da aka lulluɓe da roba. Hagu da dama akwai lambatu, ƙwallon da ta faɗa ciki ta tafi a banza. Wasa ɗaya zagaye goma ne, kowane zagaye jifa biyu. Ka kwashe goman a jifa ɗaya, ka yi sitirayik, kana da goma da kuma abin da ka samu a jifa biyu masu zuwa. Ka kwashe su a jifa biyu, ka yi sifeya, kana da goma da abin da jifa ɗaya mai zuwa ya kawo. Ƙarshen maki 300 ne, sitirayik 12 a jere. A cikinmu babu wanda ya ko kusa, kuma ba wannan ne ya tara mu ba.

Kuskurena na farko shi ne na bar mutane suka zaɓi abokan ƙungiyarsu. Gwanaye uku da suka san juna suka haɗe wuri ɗaya, suka jawo na huɗu daga baya. A mako biyu na farko sun lallasa duk wanda suka haɗu da shi, da tazarar da ba ta da daɗin faɗa. A mako na uku wata mata da ta shigo tare da ƙanwarta ta tare ni wajen mayar da takalma ta ce, "Yaya, ni fa ban ga amfanin in riƙa biyan kuɗi ina zuwa ana dukana ba." Matsakaicin makinta a lokacin bai kai 100 ba. Ta faɗi abin da rabin mutanen ke rayawa a zuci, sauran dai shiru za su yi su daina zuwa.

A daren na zauna na karanta yadda lig-lig na gaske suke yi. Dokokin wasan nan an tsayar da su tun 1895 a birnin New York, lokacin da aka kafa American Bowling Congress, wadda a 2005 ta narke tare da wasu ƙungiyoyi aka samu USBC ta yanzu, hukumar wasan a Amurka. Wato matsalar da ta hana ni barci mutane sun daɗe da warware ta. Maganin shi ne handikaf, ƙarin maki da ake bai wa kowa gwargwadon rauninsa. Ana ɗaukar wani adadi a matsayin mizani, a cire matsakaicin makin ɗan wasa, a ba shi wani kaso na abin da ya rage. Muka ɗauki 200 da kashi 90 cikin ɗari. Mai matsakaicin 120 zai samu ƙarin 72 a kowane wasa, mai 180 zai samu 18. In kowa ya yi wasansa na kullum, ɗaya na da 192, ɗayan 198. Gwani yana gaba har yanzu, amma da taku ɗaya, kuma ranar da mai rauni ya yi abin kirki shi ne da nasara.

Taron da na gabatar da wannan ya yi zafi. Ɗaya daga cikin gwanayen ya ce wannan hukunta ƙwarewa ne, shi ya yi shekaru yana koyo, yanzu za a ɗebi maki a miƙa wa wanda ƙwallonsa ke kwana a lambatu. Ya nemi a rage zuwa kashi 80. Ban ce ba shi da hujja ba. Wani dattijo da muke ce wa Baba, wanda shi ne mafi tsufa a cikinmu kuma mafi ƙarancin magana, ya bari aka gama hayaniya sannan ya ce, "Ɗana, in waɗannan suka tafi, da wa za ka yi wasan?" Aka kaɗa ƙuri'a, kashi 90 ya ci. Muka soke sakamakon makonnin farko, muka riƙe makin don fitar da matsakaici kawai, muka sake lale. Kafin mako na biyar mun cika 24, har da mutum biyu a jiran ko-ta-kwana.

Jadawalin shi ne mafi sauƙi. Ƙungiya shida, kowa ya haɗu da kowa cikin mako biyar, a maimaita sau uku, mako 15 ke nan. Wasa uku kowane dare, maki ɗaya ga wanda ya ci kowane wasa, maki na huɗu ga wanda jimillarsa ta fi.

Abin da ya ci min rai shi ne kuɗi da fashi. Wurin yana karɓar kuɗin layi ko mutum ya zo ko bai zo ba, ni kuma da farko ina karɓa ne daga wanda na gani. Mako uku ina cike giɓin daga aljihuna ina jin kunyar in yi magana. Daga baya muka tsayar da doka: kujera taka ce, kuɗinta a kanka yake, ka zo ko ka turo wani. Wanda bai zo ba kuma bai turo kowa ba, a rubuta masa matsakaicinsa a cire goma, yadda lig da yawa suke yi, don ƙungiyarsa ta ji a jikinta kaɗan amma kada darenta ya lalace. Na kuma cire hannuna daga kuɗin gaba ɗaya, na miƙa wa wata ma'aikaciyar banki a cikinmu, wadda take karanto abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa duk bayan mako biyu. Tun daga ranar ban sake jin wani ya yi ƙus a kan kuɗin kyauta ba. Da na san haka tun farko, da ban yi asarar barcin da na yi ba.

Handikaf yana da tasa ɓarakar, kuma mun gan ta. Akwai wani da na lura in ƙungiyarsa ta riga ta ci wasa ko ta riga ta faɗi, sai hannunsa ya lalace. Kwalba ɗaya tsaye a tsakiya, wadda yake ɗaukewa ido rufe, sai ya wuce ta gefe yana dariya. In wasa ya yi tsauri kuwa sai ka ga sitirayik uku a jere. Yana danne matsakaicinsa ne don ƙarinsa ya yi yawa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Matsalar ita ce ba ka da yadda za ka tabbatar, kowa yana iya kuskure. Ban kai maganar taro ba. Na same shi a waje bayan an tashi, na nuna masa makinsa na mako shida a jere, zagayen ƙarshe na wasannin da ba su da amfani a gefe ɗaya, na masu amfani a ɗaya gefen. Ya daɗe yana kallon takardar, ya ce, "Kai dai ba ka da aiki." Bai amsa ba, bai musa ba. Matsakaicinsa ya tashi da kansa a makonnin da suka biyo baya, kuma har yau muna gaisawa.

Duk wannan ina yi ne ina kuma wasa, kuma wasana shi ya fi shan wahala. Za a kira ni jifa ina tsakiyar sasanta wanda ya taka iyaka da wanda ya gan shi, ko ina roƙon wani ya bar na damansa ya fara jifa, don al'adar wasan ce in mutum biyu suka hau tare na dama ke da gaba. In ɗauki ƙwallo kaina na wani wuri. Matsakaicina ya sauka daga 140 da wani abu zuwa 130.

Baba ne ya gyara ni, ba tare da na tambaye shi ba. Ya fara da ƙwallon. Ina ɗaukar mai fam 16, mafi nauyin da doka ta yarda, don a ganina nauyi shi ne ƙarfi. Ya ɗauke ta daga hannuna ya ba ni mai fam 14 ya ce, "Wadda za ka iya jefawa daidai a wasa na uku, ita ce taka." Sai idona. Ina kallon kwalabe ne can ƙarshen layi, alhali ga kibiyoyi bakwai da aka zana a kan layin kamar ƙafa 15 daga iyaka, don saiti aka yi su. Ya ce in tsayar da ido a kan kibiya ta biyu daga dama in manta da kwalaben, in nemi ƙwallon ta shiga tsakanin kwalba ta ɗaya da ta uku, wurin da ake kira aljihu ga mai jifa da dama. In ka daki ta ɗaya a goshi, sau da yawa giɓi za ta bar maka, kwalba a wannan gefe kwalba a wancan, kuma mafi muninsa ta bakwai da ta goma, na lungun hagu da na dama a layin baya, wanda ko ƙwararrun duniya da ƙyar suke ɗaukewa. Ya kuma nuna min abin da ban taɓa lura da shi ba: layin shafe yake da mai daga farko zuwa kusan kashi biyu cikin uku, ƙarshensa a bushe. Ƙwallo tana sulɓi a kan man, sai ta kama ta lanƙwasa a busasshen wuri. Mutum takwas suna jifa a kan layi biyu, man yana gushewa, don haka inda ka tsaya a wasan farko ba lallai ya yi maka a na uku ba. Ka matsa katako ɗaya ko biyu, cikin 39 da ke faɗin layin.

Amma abin da ya fi nanatawa sifeya ne. Ya sa ni na yi lissafin da kaina a bayan takardar maki. Mutumin da ke kwashe tara a kowane zagaye ya kuskure ta ƙarshe zai tashi da 90. Wanda ke kwashe taran nan dai, ya kuma ɗauke ɗayar da ta rage kowane zagaye, zai tashi da 190, ba tare da sitirayik ko ɗaya ba. Maki ɗari cur a kan kwalba guda. Ni kuma duk rayuwata ina jifa na biyu ne da fushin na farko. Na fara zuwa ranar da ba ta lig ba, in yi wasa guda ba na neman komai sai kwalba ta goma, wadda ke lungun dama a bakin lambatu, abokiyar gabar duk mai jifa da dama. In tsaya can hagu, in jefa a miƙe ta ratsa layin, ba murɗa hannu.

Mako na 15 ya same mu a matsayi na uku, maki ɗaya tsakaninmu da na biyu, kuma da su muke karawa. Mun raba wasa biyun farko, jimilla kuma kusan kunnen doki, don haka wasa na uku zai yanke komai. Ni ne mai jifan ƙarshe a ƙungiyarmu. Zagaye na goma, allo ya nuna ana binmu 14. Na jefa, ta shiga aljihu da ƙara mai daɗi, na riga na fara juyowa, sai na ga ta goma tsaye, tana ɗan rangaji, ta zauna daram. Tara. Sai na ɗauke ta sannan in samu jifa na uku, wanda ake bai wa mai sifeya a zagayen ƙarshe, in nemi biyar. Wurin ya yi tsit, har injin da ke dawo da ƙwallo ina jin gurnaninsa. Na goge tafin hannuna, na matsa hagu, na sa ido a kibiya ta tsakiya. Tun da ta bar hannuna na san na ɗan sake ta da wuri. Ta tafi tana bin bakin lambatu, ta yi ta yi, saura kamar taku biyu ta zame ciki.

Muka ƙare a na uku. Kofin ya tafi wurin ƙungiyar matar nan da ta tare ni wajen takalma, wadda ta fara ƙasa da 100 ta gama da matsakaicin 118, kuma ta riƙa cin mutane da handikaf ɗinta har gwanayen suka koma tsoron haɗuwa da su. Gwanayen su ne na biyu.

Kafin a watse na ajiye takardar kaka mai zuwa a kan tebur, wannan karon da sharaɗin sai ka biya kuɗin mako biyu kafin a rubuta sunanka, kuma ni zan raba ƙungiyoyi da matsakaici. Mutum 27 suka biya a daren. Baba ya sa hannu a ƙarshe, ya miƙo min biro ya ce, "Alhamis ka zo da wuri. Ta goma za mu yi."